Idan Za a Mayar da Filin Kasuwanci Gidajen Kwana: Yadda Maƙwabta Za Su Kai Ƙorafi a Saurare Su

Yawanci da allo ake farawa. Ka fito da safe sai ka ga an kafa wani ɗan allo a bakin tsohon rukunin shagunan da ke kusa da gidanka, wanda rabin ƙofofinsa sun daɗe a garƙame. A jikinsa akwai lambar fayil, da ranar zama, da 'yan kalmomi: mai fili yana neman a sauya wa filinsa rukuni, daga na kasuwanci zuwa na gidajen kwana. Kafin magariba zance ya gama unguwa. Wani ya ce hawa goma za a yi, wani ya ce ashirin, wata kuma ta rantse an riga an gama magana ta bayan fage.

Irin wannan allo ya yawaita a garuruwan Amurka da Kanada da Ingila. Sayayya ta intanet ta rage wa manyan kantuna ciniki, ofisoshi da yawa ba su sake cika ba tun daga 2020, kuɗin haya kuma sai hawa yake yi. Ni dai ra'ayina a fili yake: garuruwan nan suna bukatar gidaje, kuma gara a gina su a filin da aka riga aka shafe da kwalta da a je a cinye gona ko daji a bayan gari. Amma wanda zai kwana ya tashi a gefen ginin har ƙarshen rayuwarsa yana da haƙƙin a ji ta bakinsa, kuma sau da yawa ya fi mai zanen ginin sanin inda ruwa ke kwanciya da mararrabar da ake yawan karo. Abin da ke damuna shi ne yadda maƙwabta ke ƙarar da ƙarfinsu a kan maganar da doka ba ta sauraro, su bar wadda za ta iya sauya aikin. Don haka na rubuta wannan jagora.

Mataki na farko: gano abin da ake nema da wanda zai yanke hukunci

A Amurka kusan kowane gari yana da taswira mai launuka da ke nuna abin da aka yarda a yi a kowane fili: nan gidaje, nan shaguna, can masana'antu. Birnin New York ne ya fara kafa cikakkiyar doka irin wannan a 1916, sannan a 1926 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa garuruwa wannan iko a shari'ar ƙauyen Euclid na jihar Ohayo. Tun daga nan, wanda ke son yin abin da launin filinsa bai yarda ba dole ya roƙa.

Roƙon kuwa iri-iri ne, kuma kowanne da ƙofarsa. Akwai sauya rukunin fili ɗungurungum, wanda gyaran doka ne, hukumar tsara gari ta ba da shawara, majalisar gari ta kaɗa ƙuri'a. Akwai izini na musamman, inda doka ta riga ta ce ana iya yin gidaje a wurin idan an cika wasu sharuɗɗa. Akwai kuma neman sassauci a kan ƙa'ida guda, kamar tsayi ko tazarar gini daga iyaka. A na farko ne kansiloli suka fi samun 'yancin cewa a'a. A sauran biyun, idan mai nema ya cika ƙa'idar da ke rubuce, hana shi yana da wuya.

Ɗauki hoton allon, ka je ofishin tsara gari da lambar fayil ɗin ko ka nema a shafinsu na intanet. Takardun na jama'a ne. Nemi takardar roƙon kanta, da zanen fili, da binciken zirga-zirgar motoci, da na magudanan ruwa, da na lafiyar ƙasa idan an yi. Ka kuma nemi babban tsarin garin, wato kundin da ke faɗin yadda ake son kowace shiyya ta kasance nan da shekara goma ko ashirin. Idan kundin ya ce a bar wannan titi wa kasuwanci, ka samu hujja mafi ƙarfi da za ka iya samu. Idan kuwa ya riga ya ce ana son gidaje a wurin, to ka san tun yanzu cewa da alama ma'aikatan ofishin tsara gari za su goyi bayan aikin.

Tambaya guda ka yi wa ma'aikacin ofishin tun ranar farko: shin gari ne ke da ta cewa, ko dokar jiha ko ta ƙasa ta karɓe? Wannan ya zama wajibi saboda abubuwa sun canja. A Kalifoniya, dokar AB 2011 da aka sa wa hannu a 2022, ta fara aiki a watan Yulin 2023, ta ba da damar gina gidaje a filayen kasuwanci da dama ba tare da an sauya musu rukuni ba, muddin an ware kaso na masu ƙaramin ƙarfi kuma an biya ma'aikatan gini albashin da doka ta tsara. Fulorida ta yi tata a 2023: idan kashi 40 cikin ɗari na gidajen za su kasance masu rangwamen haya har shekara 30, gari ba zai hana gina su a filin kasuwanci ba. Tekzas ta biyo baya a 2025 a manyan biranenta. A Ingila tun 2013 ake mayar da ofisoshi gidaje ba tare da cikakken izinin gini ba, a 2021 kuma aka faɗaɗa abin ya haɗa da shaguna. Inda irin wannan doka ta hau, taron jin ra'ayi ba zai tsayar da aikin ba, sai dai a duba ko ya cika sharuɗɗan dokar.

Labarin rukunin shaguna na Vallco a garin Cupertino, inda hedikwatar Apple take, ya isa darasi. An yi shekaru ana ja-in-ja kan abin da za a gina a madadin shagunan. A 2016 masu zaɓe suka yi watsi da shawarwari biyu, ɗaya ta masu adawa, ɗaya ta mai filin. A 2017 jihar ta kafa dokar SB 35 mai sauƙaƙa izini a garuruwan da suka gaza gina kasonsu na gidaje, a 2018 kuma mai filin ya bi ta wannan ƙofa da shirin gidaje 2,402. Masu adawa suka je kotu, a 2020 suka sha kaye. Aka rushe yawancin shagunan, filin ya yi shekaru a kwance ba shago ba gida, kuma maƙwabta suka rasa damar cinikin da suke da ita tun farko.

Mataki na biyu: duba abin da za a iya ginawa a yau ba tare da an tambaye ka ba

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi sauya ra'ayin mutane. Mai adawa yakan kwatanta sabon ginin da filin yadda yake a yau, shiru, ba kowa sai tsuntsaye. Amma filin ba zai dawwama a haka ba, domin mai shi haraji yake biya a kansa kowace shekara. Buɗe dokar rukunin da filin yake ciki yanzu ka karanta jerin abubuwan da aka halatta. A rukunin kasuwanci da yawa za ka tarar da gidan mai, da wurin wankin mota, da gidan abinci mai tagar miƙa wa direbobi, da ɗakunan ajiyar kaya, da otal, wani lokacin har da tsayin da ya kai ko ya fi na gidajen da ake nema. Duk waɗannan ana iya yin su da izinin ofis kawai, ba zama, ba wasiƙa.

To sai ka zauna ka auna da gaskiya. Idan aka ƙi gidajen, me zai zo? Wani lokacin amsar tana ƙara maka ƙarfi, misali idan shagunan suna da rai kuma su kaɗai ne wurin sayen abinci da magani da tsofaffin unguwa ke iya takawa da ƙafa. Wani lokacin kuma sai ka ga gudun gara za ka yi ka faɗa gidan zago.

Mataki na uku: rubuta ranaku

Ranar rufe karɓar ƙorafi a rubuce, ranar fitar rahoton ma'aikata, ranar zaman hukumar tsara gari, ranar zaman majalisa. A Ingila kwana 21 ake bayarwa na tuntuɓar jama'a. A Amurka ya danganta da jiha. Kada ka dogara da wasiƙa: a Kalifoniya, alal misali, masu mallakar filaye da ke cikin ƙafa 300 ake aika wa, kuma daga rajistar haraji ake ɗauko sunaye, don haka ɗan haya sau da yawa ba ya jin komai. Ka roƙi ofishin su sa ka cikin jerin waɗanda za a riƙa sanar wa.

Mataki na huɗu: tankaɗe ƙorafe-ƙorafen

A nan aikin yake. Ku tara duk abin da ke damun mutane, sannan ku raba tsaki da gari.

A fara da cunkoson motoci, tunda shi kowa ke fara ambata. Ku sani cewa a lissafin injiniyoyin hanya, rukunin shaguna mai ciniki yakan jawo motoci fiye da gidajen da za su zauna a fili mai girmansa. Kundin ƙididdigar da ake amfani da shi a Amurka yana ba gidan iyali guda shiga da fita kusan 9 zuwa 10 a rana, fulat kuma, wato sashe guda a cikin bene mai gidaje da yawa, ƙasa da haka. Saboda haka mai aikin zai tashi ya ce motoci ma raguwa za su yi, kuma a kan takarda gaskiyarsa ce. Inda za ku kama shi daban ne. Da wane hali ya kwatanta: da shaguna a cike maƙil, ko da rabin kango da ake gani a yau? A wace rana aka ƙirga motocin, lokacin hutun makaranta ne? Shaguna ba sa cika da sassafe, gidaje kuwa a lokacin kowa ke fita, to an duba cunkoson safiya a mararrabar da ke kusa? Ta ina ƙofar shiga za ta kasance, babban titi ko ɗan layin da yara ke bi zuwa makaranta? Tambaya irin wannan injiniyan gari ba ya iya kawar da kai daga gare ta, kuma sau da yawa ita ke sa a matsar da ƙofa ko a sa danja da wurin tsallakawa.

Sai ruwa. Tsohon filin ajiye motoci kwalta ce daga bango zuwa bango, don haka sabon gini a ƙarƙashin ƙa'idojin yanzu yakan rage ruwan da ke kwarara zuwa maƙwabta. Abin tambaya shi ne bututun ruwan sha da na ƙazanta. Shago ashirin ba sa wanka da wanki kamar gida ɗari biyu. Ku nemi takardar hukumar ruwa da ke tabbatar da cewa bututun za su ɗauka, in kuma ba za su ɗauka ba, a faɗi wanda zai biya kuɗin faɗaɗawa. In kuna da hotunan ambaliya a layinku masu kwanan wata, ku ajiye su da kyau.

Lafiyar ƙasa kuwa ita ce ƙorafin da na fi so maƙwabta su riƙe, domin su ne ke tuna tarihin wurin. Idan an taɓa yin gidan mai, mai yiwuwa akwai tankin da aka binne. Idan an taɓa yin shagon wankin kaya da sinadari, irin wannan sinadari yakan nutse cikin ƙasa ya daɗe, tururinsa kuma yana iya shiga ɗakunan da aka gina a kai. Ma'aunin tsabtar ƙasa na wurin kwana ya fi na wurin kasuwanci tsauri, saboda a gida yaro ke rarrafe. Tsohuwar da ta tuna cewa shekara arba'in da suka wuce akwai garejin gyaran mota a kusurwar can, ta kawo abin da wataƙila babu shi a fayil. Wannan ƙorafi yana kare waɗanda za su shiga gidajen kamar yadda yake kare ku. Haka ma batun ƙurar rusau, musamman a tsofaffin gine-gine masu asbestos, wani kayan gini da ƙurarsa ke cutar da huhu.

Tsayi da inuwa da leƙe su ma abin dubawa ne, amma a faɗe su da awo. "Ya yi tsawo" ba ta isa ba. A ce bango mai hawa biyar zai tsaya mita kaza daga katangar gidaje masu hawa ɗaya, a nemi zanen inuwa na lokacin sanyi, sa'ad da rana ke yin ƙasa, a kuma nemi ginin ya riƙa sauka hawa-hawa ta ɓangaren gidaje.

Ingancin gidajen kansu ma hujja ce, Ingila ta koya wa kowa wannan. Bayan sassaucin 2013 an mayar da ofisoshi da yawa ƙananan ɗakuna, wasu ko taga ta kirki babu. Binciken da gwamnati ta sa aka yi, wanda ya fito a 2020, ya gano cewa kusan kashi 22 cikin ɗari kawai na irin waɗannan gidaje suka kai ma'aunin faɗi na ƙasa. Daga baya aka wajabta hasken rana a ɗakunan zama, a 2021 kuma aka wajabta ma'aunin, wanda mafi ƙanƙantarsa murabba'in mita 37 ne ga mutum ɗaya. Maƙwabcin da ya tashi ya tambayi inda yaran gidan za su yi wasa, da nisan tashar bas, yana yi wa gari aiki.

Makarantu da haraji sai an yi hattara. Fulat mai ɗaki ɗaya ba ya kawo yara da yawa, don haka ku duba adadin ɗakunan kafin ku ce makaranta za ta cika, ku kuma tambayi hukumar makarantun ko ɗalibai ƙaruwa suke yi ko raguwa. Ta fuskar haraji, gaskiya ne garuruwa da yawa a Amurka suna dogara da harajin ciniki, Kalifoniya ma tun da aka taƙaita harajin gidaje a 1978 garuruwanta ke kwaɗayin shaguna. Sai dai shagon da ke rufe ba ya kawo ko sisi. Hujjar tana da ƙarfi ne idan gari yana da ƙarancin filin sana'a kuma kundin tsarinsa ya faɗi haka.

Ga kuma waɗanda za ku zubar. A Ingila an fayyace cewa faɗuwar darajar gidanka da toshe maka kallon da ka saba ba sa cikin abin da ake dubawa. A Amurka za a bar ka ka faɗa, amma da wuya a gina hukunci a kai. Mafi muni shi ne maganar irin mutanen da za su shigo: 'yan haya, talakawa, baƙi, masu yara da yawa. Dokar adalcin gidaje ta Amurka ta 1968 ta hana wariya saboda launin fata ko addini ko asalin ƙasa, a 1988 aka ƙara masu yara da masu naƙasa. Majalisar da ta ƙi aiki bayan an cika mata kunne da irin wannan magana ta buɗe wa kanta ƙofar shari'a, lauyanta kuma ya sani. Ko babu doka ma, maganar ba ta dace ba. Mai neman ɗakin haya a yau bai bambanta da kai ba ranar da ka fara shigowa unguwar da akwatinka.

Mataki na biyar: haɗa kai, a tsayar da buƙata guda

Ku kira taro, ku gayyaci har waɗanda wasiƙa ba ta kai wa ba: 'yan haya, masu ƙananan shagunan da za a tasa, matasan da ke zaune gidan iyayensu don haya ta gagare su. Akwai dalili. Masu bincike a Jami'ar Boston sun karanta bayanan zaman hukumomin tsara gari na garuruwa 97 a yankinsu, suka tarar kusan kashi 15 cikin ɗari kawai na masu magana ke goyon bayan sababbin gidaje, kuma masu zuwan sun fi sauran jama'a shekaru da mallakar gida. Wasu kansiloli sukan ɗauki cikar zaure da masu adawa a matsayin abin da aka saba. Tawagar da ta zo da mai shagon aski da ɗan haya da tsohuwar da ba ta tuƙi ta fi wuyar a yi watsi da ita.

A taron ku yanke: hana aikin baki ɗaya kuke so, ko gyara shi? Ku faɗa wa juna gaskiya game da ƙarfinku. In gyara ne, ku fitar da abubuwa uku ko huɗu da ba za ku sassauta ba, sauran ku riƙe su na ciniki.

Takardar sa hannu iri biyu ce, kada a haɗa su. Akwai ta gama-gari da kowa ke sa wa hannu a intanet, wadda nauyinta na siyasa ne kawai. Akwai kuma ta doka, wadda ta samo asali daga samfurin dokar da Ma'aikatar Kasuwanci ta Amurka ta fitar a shekarun 1920: idan masu kashi 20 cikin ɗari na filayen da ke maƙwabtaka suka sa hannu, sauyin ba zai wuce ba sai da kashi uku cikin huɗu na majalisa. A majalisa mai mutum bakwai, shida ke nan a maimakon huɗu. Amma ku bincika ko tana nan a jiharku, domin Karolina ta Arewa ta soke ta a 2015, Tekzas ma ta rage mata ƙarfi a kan ayyukan gidaje a 2025. Inda take aiki, faɗin fili ake ƙirgawa, kuma sai mai mallaka na ainihi ya sa hannu kafin ranar da aka yanka.

Mataki na shida: zauna da ma'aikacin gari, sannan da mai aikin

Ma'aikacin da ke riƙe da fayil shi ne zai rubuta rahoton da kansiloli za su karanta, wasunsu ma shi kaɗai za su karanta. Ku same shi kafin ya rubuta, cikin ladabi, da tambayoyi a rubuce. Ba shi ya kawo aikin ba, kuma abin da ya shiga rahotonsa ya fi jawabi goma a zaure.

Mai aikin ma ku gana da shi. Jinkiri kuɗi ne a wurinsa, domin yawanci da bashi yake riƙe da filin, ko kuma ya ƙulla cinikin ne bisa sharaɗin samun izini. Saboda haka kafin zaman farko ne ya fi sauƙin lanƙwasawa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku je mutum uku ko huɗu, ɗaya yana rubutu, bayan taro ku aika masa da abin da aka tattauna ta imel. Kada wani ya karɓi alherin da ya shafe shi shi kaɗai, kamar sabuwar katanga, a madadin yin shiru. Ranar da aka ji, tafiyar ta watse.

Mataki na bakwai: rubutu da ranar zama

Kowa ya rubuta tasa wasiƙar da kalmominsa, gajeriya, da lambar fayil a sama, da adireshinsa, da sashen doka ko na kundin tsari da yake dogara da shi. Wasiƙa ɗari masu kalmomi iri ɗaya sau da yawa ana ɗaukar su ne kamar guda. Ku tabbata kowace hujja ta shiga rubuce kafin a rufe, saboda a wurare da yawa kotu ba ta sauraron abin da ba a tayar ba a gaban hukuma.

Kafin ku kira kansila a waya, ku tambaya ko an yarda. A jihohi irin su Oregon da Fulorida ana ɗaukar sauya rukunin fili guda kamar zaman shari'a, don haka ganawa ta gefe tana iya zama matsala, ko dai a tilasta wa kansilan bayyana ta, ko ta ba ɗaya ɓangaren hujjar ƙalubalantar hukuncin.

A zaure yawanci minti biyu ko uku ake ba kowa. Ku raba batutuwa: wannan hanya, wannan ruwa, wannan tarihin ƙasa, wannan shagunan da za a rasa. Kowa ya faɗi sunansa da inda yake zaune, ya kawo abu ɗaya da ya gani da idonsa, ya rufe da abin da yake roƙo. Na ƙarshe ya karanta jerin sharuɗɗan ya miƙa wa magatakarda. Ihu da tafi da zargin cin hanci ba tare da shaida ba suna sa kansilan da ke shakka ya koma ɗaya gefen. In wani ya tashi ya goyi bayan aikin, a bar shi ya gama, maƙwabcinku ne gobe ma.

Mataki na takwas: a rubuta alkawari a jikin fili

Wannan ne wurin da ake cin mutane bayan sun ɗauka sun yi nasara. Zanen da aka nuna muku mai itatuwa da yara a kan keke ba doka ba ne. Sauyin rukuni filin yake bi, ba ya bin mutum. Mai aikin yana iya samun izini yau, darajar filin ta tashi, gobe ya sayar wa wanda bai taɓa ganinku ba, shi kuma ya gina iyakar abin da sabon rukunin ya halatta. Don haka duk abin da aka yi muku alkawari, ku nemi ya shiga cikin dokar sauyin, ko yarjejeniyar gini tsakanin gari da mai fili, ko a yi masa rajista a kan takardar filin. A Ingila ana yin irin wannan ta sharuɗɗan izini da kuma yarjejeniyar sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990.

Sharaɗin ya zama mai awo: iyakar hawa, iyakar yawan gidaje, tazara da mita, wurin ƙofa, lokutan aikin gini da hanyar manyan motoci, yawan gidaje masu rangwame da shekarun da rangwamen zai ɗauka. In kuna son shaguna a hawan ƙasa, ku nemi daidai abin da titin zai iya ciyarwa, don tilasta shaguna da yawa yakan bar gilasai a rufe shekara da shekaru. Ku kuma yi wa masu shagunan yanzu magana, a ba su wa'adi mai tsawo da damar dawowa. Ku sani kuma gari ba ya iya neman duk abin da ya ga dama. Kotun Ƙolin Amurka, a hukuncinta na 1987 da na 1994, ta ce dole abin da ake nema daga mai gini ya danganci illar aikinsa kuma ya yi daidai da girmanta. Danja a mararrabar da motocinsa za su bi ta shiga. Gyaran filin wasa a wancan ƙarshen gari da wuya ya shiga.

Bayan ƙuri'a

In an amince kuma kuna ganin an karya doka, lokaci gajere ne: mako shida a Ingila, inda maƙwabci ba shi da damar ɗaukaka ƙara sai dai ya nemi kotu ta duba yadda aka bi ƙa'ida, kwana 90 kuma a Kalifoniya ga yawancin irin wannan hukunci. Kotu ba ta tambayar ko aikin yana da kyau, tana duba ne ko an ba da sanarwa, ko an bi matakai, ko hukuncin ya saɓa wa kundin tsari, ko an ware fili guda an yi masa gata ba dalili. Ku tambayi lauya kuɗin da abin zai ci da yiwuwar nasara kafin ku fara karo-karo. A wasu jihohi ana iya tara sa hannun masu zaɓe a kai maganar akwatin ƙuri'a, a biranen Kalifoniya kashi 10 cikin ɗari cikin kwana 30.

In an ƙi, mai filin yakan dawo da sabon zane bayan wa'adin da doka ta sa, ko ya bi ta dokar jiha, don haka kada ku watsar da fayil ɗinku. In kuma an amince da sharuɗɗa, ku karɓi kwafin da aka sa wa hannu, ku ba mutum biyu amanar bibiya. Bayan shekara ɗaya ko biyu akan dawo a nemi "ɗan gyara" a ofis, a cire itatuwa ko a mayar da ƙofa inda take da farko, a lokacin da kowa ya koma harkarsa. Ku rubuta wa ofishin tun yanzu cewa duk wani gyara a kan wannan lambar fayil a sanar da ku, ku kuma ajiye amsar da suka ba ku.